Rigar Beyar: Asalin Kalmar Berserk

Idan Bature ya ce wani ya zama berserk, yana nufin ya harzuƙa har ya fita hayyacinsa, ba ya ji ba ya gani. Shekara dubu da ɗoriya da suka wuce kuwa, a Arewacin Turai, sunan wasu mayaƙa ne masu shiga fagen daga da zuciyar naman dawa.

A tsohon harshen mutanen Norwe da Aisiland, berserkr kalmomi biyu ne aka haɗa. Serkr riga ce, wannan babu gardama. Takaddamar tana kan kashin farko. Wasu sun ce berr ne, wato tsirara, mutumin da ke faɗa ba sulke. Wasu suka ce a'a, sunan beyar ne, ƙaton naman dajin nan mai gashi na ƙasashen sanyi. Yawancin masana a yau sun fi karkata ga na biyun, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A waƙar da Thorbjorn Hornklofi ya yi wa Sarki Harald na Norwe wajen ƙarshen ƙarni na 9, wadda ita ce mafi daɗewa da ta ambaci kalmar, an jera su ne tare da ulfhednar, masu yafa fatar kyarkeci. A 1870 kuma aka gano wasu farantan tagulla a Torslunda ta ƙasar Suwidin. Ɗaya na ɗauke da siffar mayaƙi riƙe da mashi, kansa na kyarkeci, ƙafafunsa na ɗan Adam.

Fatar dai alama ce kawai, hali shi ne abin tsoron. Snorri Sturluson, marubucin Aisiland na ƙarni na 13, ya bayyana su a matsayin mutanen gunkinsu Odin: suna haukacewa kamar karnuka ko kyarketai, suna cizon garkuwarsu, wuta ba ta ƙona su, ƙarfe ba ya cin su. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan tauri na goga wuƙa a ciki ya san irin wannan kirari. Cizon garkuwar ma akwai shi a sassaƙe. Cikin 'ya'yan darar ces da aka tsinta a tsibirin Lewis na Sikotland a 1831, waɗanda aka sassaƙa da hauren wata dabbar teku a ƙarni na 12, akwai mayaƙa da suka zaro ido, haƙoransu kafe a bakin garkuwa.

Me ke jefa su cikin wannan hali? A 1784 Samuel Odmann na Suwidin ya ɗora laifin kan wata jar lemar kwaɗi mai bugarwa, amma babu tsohon rubutu ko ɗaya da ya ce suna cin ta.

Da Kiristanci ya kafu, sai jarumtar ta koma laifi. Labaran Aisiland suka riƙa nuna su a matsayin 'yan ta'adda masu ƙwace gonaki da matan mutane, dokar ƙasar ta Gragas kuma ta yanke korar shekara 3 ga duk wanda ya bari haukan ya hau shi.

Walter Scott ne ya yayata kalmar cikin Ingilishi da littafinsa The Pirate na 1822. A 1994 likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay ya are ta don bayyana sojojin Amurka da suka rasa tsoro da tausayi gaba ɗaya a yaƙin Biyetnam, galibi bayan an kashe musu aboki na kusa.