Maƙera Ta Girmi Fada

 A wannan karon ina so mu ɗan jingine zancen kishiya da na lefe, mu taɓa tarihi. Na san da an ambaci tarihi wata za ta taɓe baki ta ce, "Ni ina ruwana da sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu?" To ki kwantar da hankalinki, wanda zan kawo miki yau yana nan cikin ɗakin girkinki, kullum sai kin taɓa shi.

Ki duba wuƙar da kike yanka kuɓewa, da allurar da kike ɗinke rigar yaro. Ki duba turmi da taɓarya da muciya, waɗanda za ki ce ai itace ne, alhali ba a sassaƙa su sai da gatari da gizago. Geron da kike surfawa da fartanya aka nome shi, da magirbi aka girbe shi. Mu nan ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ƙasa ce ta jigawa, ruwanmu na rijiya ne mai zurfi, kuma ba a haƙa rijiya da farce. Ranar Alhamis kowa zancen shanu da raƙuma yake yi a kasuwar Maigatari, amma da a ce za a tashi babu maƙeri ko ɗaya a yankin nan, da daminar bana ta fi ƙarfinmu. Ko sunan garin ma ai da gatari a cikinsa.

To wai shin tun yaushe ƙarfe ya shigo hannun mutanen ƙasar nan? Da yawa daga cikinmu sun ɗauka Bature ne ya kawo shi, wasu kuma su ce Larabawa. Amsar ta fi haka nisa ƙwarai.

Mu fara da gida. Wajen shekarar 1750 Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa sarautar Gumel, wadda ta bi Barno, ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Fadar ta zauna a Tumbi, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, kafin a dawo da ita garin Gumel. Ke nan sarautar tamu, duk da girmanta, ba ta cika shekara 300 ba. Kano ta fi mu tsufa, domin littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautar Bagauda a shekarar 999. Amma da masana suka yi awon gawayin da aka samu a wurin narka tama a Dutsen Dala, sai suka ga tun cikin ƙarni na 7 ake wannan aiki a wurin, wato kimanin shekara 300 kafin Bagauda. Wannan ya zo daidai da abin da Kanawa suka gada a baka, cewa Abagayawa, wasu maƙera daga Gaya, su ne suka zo gindin Dala neman tama, har ana cewa sunan babbansu Kano. Kin ga ashe maƙera ta riga fada zama a birnin.

Idan muka gangara kudancin Jihar Kaduna kuwa, abin ya fi haka tsufa. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono wasu siffofi na yumɓu a kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka sami wani kan mutum na yumɓu a wajen Jama'a, wani ma'aikacin kuza ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi don korar ɓarna, har dai labari ya kai ga wani Bature mai suna Bernard Fagg a Jos. Shi ne ya gane cewa waɗannan kaya na wata tsohuwar al'umma ce guda, kuma shi ne ya tsaya aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Daga baya ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja, ya sami wuraren narka tama fiye da goma, waɗanda shekarunsu suka kai wajen 2,500. Wato tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ɗaruruwan shekaru baƙar fata yake fitar da ƙarfe daga dutse a ƙasar nan.

Ko ƙasar Indiya da muke kwana kallon finafinanta, ta wannan hanya aka gano nata tarihin. A kudancinta an tono tsofaffin kaburbura da aka kewaye da manyan duwatsu, a ciki aka sami lauje da gatari da wuƙaƙe na ƙarfe tare da tukwane masu launin baƙi da ja. A birnin Delhi kuma akwai wani ginshiƙin ƙarfe mai tsawon fiye da mita 7, nauyinsa wajen tan 6, an ƙera shi kimanin shekara 1,600 da suka wuce, kuma har yau tsatsa ba ta cinye shi ba. Su suna alfahari da nasu, suna kai 'ya'yansu su gani. Mu fa?

Aikin nan ba ƙaramin ilmi ba ne. Sai an san irin dutsen da yake da tama, a haƙo shi a farfasa. Sai a ƙona gawayi na itace mai ƙarfi irin ƙirya. Sannan a gina wani murhu na laka kamar ɗan rumbu, a riƙa jera gawayi da tama bi da bi, a kunna wuta, a yi ta ba ta iska da zugazugi ko ta wasu bututun laka, har zafi ya haura digiri 1,100. Dattin dutsen sai ya narke ya gangara, shi ne ake kira kashin maƙera, ƙarfen kuma ya dunƙule wuri guda. Wannan dunƙulen za a kai kan uwar maƙera a yi ta duka da masaba har ya zama fartanya. Duk wannan babu littafi, babu na'urar awon zafi, da launin harshen wuta suke gane ta yi ko ba ta yi ba.

Abin da ya kashe narka tama shi ne zuwan ƙarfen Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma aka kai layin dogo Nguru, wanda ya ratsa ta Gagarawa. Da tsofaffin ƙarafa suka wadata, sai maƙeri ya ga sayen sifirin mota ya fi masa sauƙi a kan kwana gaban wuta. Ƙira ta rayu, amma ilmin fitar da ƙarfe daga dutse ya bi tsofaffi kabari.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Mutanen Nok ba su bar rubutu ba, to ta yaya aka san abincinsu? Ta tukwanensu. Masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da na Nijeriya, sun fara tono a yankin a 2005, suka sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake. A 2021 kuma aka bayyana cewa da aka gwada tsingaron tukwanen, an sami alamar kakin zuma a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo, wasunsu shekara 3,500 ke nan. Gero da wake da zuma! Ashe wata baiwar Allah ta yi girki irin namu, ta ajiye tukunyarta, tukunyar ta zo tana ba da shaida bayan an manta sunan duk wani mai mulki na zamaninta. Marubutan fada sarakuna suke rubutawa, amma ƙasa abin da take ajiyewa shi ne tsingaro da dutsen niƙa da tokar murhu, kuma yawancinsu aikin hannun mata ne.

Ƙasarmu kuwa tana da kufai, domin yaƙe-yaƙen Damagaram da na Haɗeja a ƙarni na 19 sun tayar da garuruwa da yawa. Mu ne masu zuwa itace, mu ne masu roron wake da tsinkar zoɓo, don haka sau da yawa idon mace ko na yaro ne yake fara faɗawa kan abin da ruwan sama ya tono. Wata ta ga tsohuwar tukunya a binne sai ta gudu ta ce ajiyar aljanu ce. Wani kuma ya fasa don yana zaton zinariya. Wani ya sayar wa dillali a kan kuɗin da ba su kai na buhun gero ba, kamar yadda aka wawashe kayan Nok aka fitar da su Turai.

Ki sani, abin da aka tsige daga inda yake ya zama bebe. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani nau'i na sinadarin da ake kira kabon, wanda in ya mutu yake raguwa da rabi duk bayan shekara 5,730. Da wannan ake auna shekarun gawayi ko ƙashi da aka samu kusa da tukunya. In an ɗauke tukunyar an watsar da gawayin, shi ke nan, an yanke mata harshe.

Dubi abin da ya faru a Dufuna, cikin Jihar Yobe maƙwabciyarmu. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da wani katako. Bai sare shi ya hura wuta ba, sai ya kai labari. Da aka bincika sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa wajen 8,000, wanda ya fi kowane jirgin ruwa da aka taɓa tonowa a Afirka tsufa. Hankalin mutum ɗaya ya jawo wa ƙasa duka daraja.

Saboda haka roƙona biyu ne. Na farko, in kin ga tarin tsingaro ko kashin maƙera a gona, ki bar shi inda yake, ki gaya wa maigida ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kuma su kai maganar ga hukumar kula da gidajen tarihi. Na biyu, mu daina raina masu sana'ar hannu. Har yanzu akwai gidajen da in an ce mai neman 'yarsu maƙeri ne sai a yatsine fuska, a ce an fi son ɗan boko ko ɗan sarauta, alhali da wuƙar maƙerin za a yanka ragon sunan jikansu. Sana'ar da Allah Ya hore wa Annabi Dawuda (AS), kuma aka sa wa sura guda a cikin Alƙur'ani sunan ƙarfenta, ba abin kunya ba ce. Ki duba addinin mutum da halinsa da ko zai iya riƙe ki, sauran duk zance ne.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In kin je Kano ki roƙi maigida ya kai ku Gidan Makama ke da yara, a nuna musu Dala a gaya musu su wa suka fara zama a gindinsa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu zuri'a mai sanin asalinta, amin.