Wa Ya Kashe Silas Deane?

Ranar 23 ga Satumba, 1789, jirgin ruwa mai suna Boston Packet yana tsaye a gaɓar garin Deal, a kudu maso gabashin Ingila, yana jiran iska ta daidaita ya kama hanyar Amurka. Cikin fasinjojinsa akwai Silas Deane, ɗan shekara 51, wanda ya yi shekara tara rabonsa da ƙasarsa. Yana cikin zagaya saman jirgi tare da kyaftin sai jiri ya kwashe shi. Aka tallafe shi, ya yi ta ƙoƙarin magana, ba wanda ya gane abin da yake faɗa. Bayan kamar awa huɗu rai ya yi halinsa, aka sauke gawarsa aka binne a Deal.

Ba a jima ba magana ta bazu a Landan cewa shi ya kashe kansa da maganin ofiyom da ake kira lodanom. Wani Ba'amurke mai suna John Cutting ya rubuta wa Thomas Jefferson haka. Mutane suka yarda ba gardama, domin kowa ya san Deane a matsayin wanda duniya ta juya wa baya: ba kuɗi, ba lafiya, ga tambarin cin amanar ƙasa a goshinsa.

Amma shekara goma sha uku kafin wannan rana, da ƙyar za a sami wanda ya fi shi amfani ga juyin juya halin Amurka. Ɗan jihar Connecticut ne, ya yi karatu a Yale, ya taɓa koyarwa, ya yi lauya, ya yi kasuwanci, sannan ya wakilci jiharsa a majalisar 'yan tawaye tun 1774. A 1776 majalisar ta tura shi Faransa a asirce, da shigar ɗan kasuwa, ya nemo makamai. A can ya haɗu da Beaumarchais, marubucin wasan kwaikwayo da gwamnatin Faransa ta ɓoye a bayansa, suka yi amfani da kamfanin bogi mai suna Roderigue Hortalez wajen loda wa jirage bindigogi da albarushi da kayan soja. Da waɗannan makamai aka ci yaƙin Saratoga a 1777, nasarar da ta sa Faransa ta fito fili ta mara wa Amurka baya. Deane ne ya sa hannu a takardar ɗaukar matashin nan Lafayette aikin soja. Ranar 6 ga Fabrairu, 1778, shi da Benjamin Franklin da Arthur Lee suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ƙawance da Faransa.

Arthur Lee ɗin nan shi ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Lee ya dage cewa makaman kyauta ce daga Sarkin Faransa, cewa Deane da Beaumarchais sun haɗa baki ne su karɓi kuɗin abin da ba a sayar ba. Majalisa ta kira Deane gida, ya iso Philadelphia a Yulin 1778 ba tare da littattafan lissafinsa ba, domin ba a gaya masa tuhuma ce ke jiransa ba. Aka bar shi yana zarya wata da watanni, ba a wanke shi ba, ba a kama shi da laifi ba. Da haƙurinsa ya ƙare ya kai ƙara gaban jama'a a jarida, rigimar ta raba majalisa biyu: shugabanta Henry Laurens ya yi murabus, Thomas Paine kuma ya rasa muƙaminsa bayan ya tona asirin taimakon Faransa garin sukar Deane.

A 1780 ya koma Turai don ya haɗa lissafinsa. A 1781, cikin ɓacin rai, ya rubuta wa 'yan'uwa da abokai wasiƙu yana cewa yaƙin ba zai kai ko'ina ba, gara a sasanta da Ingila. Wasiƙun suka faɗa hannun Turawan Ingila, jaridar Rivington ta New York ta buga su daidai lokacin da sojojin Ingila suka miƙa wuya a Yorktown. Daga nan sunansa ya mutu tun shi yana raye. Ya zauna a Ghent, ya koma Landan, talauci da ciwo suka taru masa. Cikin ƙalilan da ba su guje shi ba akwai wani mutum, yana duba lafiyarsa, yana taimaka masa da kuɗi: likita Edward Bancroft.

Bancroft tsohon ɗalibin Deane ne tun yana koyarwa a Connecticut. Ya yi zama a Guyana, a Kudancin Amurka, ya rubuta littafi a 1769 kan tsirrai da dabbobin ƙasar, har da bayanin dafin da mutanen can ke shafa wa kibiya. Ya yi suna a Landan a matsayin masanin kimiyya, ya ƙulla abota da Franklin. Da Deane ya sauka Paris, Bancroft na cikin waɗanda ya fara nema, daga baya kuma ya zama sakataren tawagar Amurka, kowace takardar sirri ta hannunsa take bi.

Sai da aka yi shekara ɗari cif da mutuwar Deane, a 1889, lokacin da aka fara fito da tsofaffin takardun leƙen asirin Birtaniya, sannan duniya ta san Bancroft ɗan leƙen asirin Ingila ne tun 1776. Wani mai suna Paul Wentworth ne ya ɗauke shi aiki. Yakan rubuta wasiƙun soyayya na ƙarya, tsakanin layuka kuma ya rubuta rahoto da tawadar da ba ta bayyana sai an shafa mata wani sinadari. Kowace Talata da dare yakan cusa takardar a kwalba, ya ajiye a wani rami a gindin bishiya a lambun Tuileries, ɗan aiken jakadan Ingila ya zo ya ɗauka. Sunayen jirage, ranar tashinsu, abin da aka tattauna da ministan Faransa, duk suna isa Landan. Arthur Lee, wanda ke zargin kusan kowa, ya zargi Bancroft tun a lokacin, kuma a wannan karon gaskiya ya faɗa. Ba a saurare shi ba, saboda yawan zarginsa ya riga ya zubar masa da ƙima.

Wannan tonon asiri ne ya sa aka sake duba mutuwar da aka yi a Deal. A 1959 Julian Boyd, masanin tarihin da ke tattara takardun Jefferson, ya kawo hujjar cewa Bancroft ne ya sa wa Deane guba. Ya fara da rushe zancen kashe kai, kuma a nan hujjarsa tana da ƙarfi. A watanninsa na ƙarshe Deane ya ji sauƙi, yana cike da buri, yana da shirin haƙa mashigin ruwa da zai haɗa tafkin Champlain da kogin St. Lawrence, ya rubuta wa manyan sabuwar gwamnatin George Washington yana neman a sake duba lissafinsa. Wanda ya shekara yana cikin ƙunci bai kashe kansa ba, me zai sa ya yi haka ranar da ya hau jirgin gida?

Daga nan Boyd ya tambayi wa zai yi asara idan Deane ya isa Amurka ya buɗe takardunsa. Deane da Bancroft suna da asirin da ya ɗaure su. Sun yi amfani da labaran sirri na tawagar suna cacar hannun jari a kasuwar Landan. Sun kuma san sirrin James Aitken, matashin da ya cinna wa ma'ajiyar igiyoyin sojan ruwa wuta a Portsmouth a Disambar 1776 bayan ya gana da Deane, aka rataye shi a 1777. Bancroft yana karɓar fansho daga gwamnatin Ingila, yana kuma da izinin mallakar cinikin wani ɓawon itace na rini mai ba da launin ɗorawa. Tonon silili zai iya raba shi da duka biyun. Ga shi likita, ga sanin dafi, ga shi shi ke haɗa wa Deane magani. Boyd ya kuma bi sawun jita-jitar kashe kai har ta kai shi bakin Bancroft.

Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa ya shiga littattafan koyar da tarihi. Ni dai ban gamsu da shi ba. Duk abin da Boyd ya tara dalili ne da dama, babu shaida ko ɗaya: ba wanda ya ga kwalba, ba a binciki gawa ba, Bancroft ba ya cikin jirgin. Dafin da ake yawan dangantawa da shi, kurare, sai ya shiga jini ta rauni yake kisa. Idan an haɗiye shi ba ya aiki yadda ake zato, shi ya sa maharban Guyana ke cin naman da suka harbe da shi lafiya lau. Alamun da kyaftin ya gani kuwa, jiri na farat ɗaya, faɗuwa, harshe ya karye, mutuwa cikin awoyi, duk wanda ya taɓa jinyar mai bugun jini a ƙwaƙwalwa ya san su. Deane ya daɗe yana fama da ciwo, har akwai lokacin da ya kwanta gaɓoɓinsa suka ƙi aiki. William Stinchcombe ya soki hujjar Boyd a 1975, wasu masu bincike biyu a 1984 suka nuna wa likitoci bayanan rashin lafiyarsa aka karkata ga mutuwar Allah da Annabi, Thomas Schaeper kuma, wanda ya rubuta tarihin Bancroft a 2011, ya yi watsi da zargin.

Akwai kuma rauni a dalilin kansa. Babu tabbacin Deane ya san abokinsa ɗan leƙen asiri ne, kuma ba zai tona cacar hannun jari ba tare da ya tona kansa ba. Mutumin da zai tafi wanke sunansa ba zai fara da wannan ba. Abin da ya ba zargin guba ƙarfi shi ne an riga an kama Bancroft da babbar cin amana, zuciya kuma tana son wanda ya ci amana sau ɗaya ya ɗauki sauran laifuffukan duka.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari yana rubuce a fili, ba ya bukatar a tono kabari. Deane ba waliyyi ba ne, ya gauraya aikin ƙasa da neman ribar kansa, wasiƙunsa na 1781 kuma kuskure ne babba. Amma babu wata shaida tabbatacciya da ta nuna ya sayar da sirrin ƙasarsa, shi ne kuma aka kira maci amana har ya mutu. Wanda ya sayar da sirrin kowane mako ya ci gaba da cin abinci da Franklin, yana musayar wasiƙu da Jefferson, ya rubuta babban littafi kan rini, ya mutu a Margate a 1821 da mutuncinsa. Majalisar da Deane ya samo wa makamai ta ƙi zama ta duba lissafinsa yadda ya kamata yana da rai, alhali abin da ya roƙa ke nan tun 1778.

Jikarsa ce ta sake ɗaga maganar bayan shekaru. A 1842 majalisar dokokin Amurka ta amince cewa binciken da aka yi wa lissafinsa tun farko na ɓangare ɗaya ne kuma an zalunce shi, ta biya magadansa dala 37,000. A lokacin Deane ya shekara 53 a kabari, kuma saura shekara 47 kafin kowa ya san aikin da Bancroft ya yi a Paris.