Lauyan Ƙwadago da Asusun Ma'aikata a Ƙararrakin Gayya na Amurka: Nazarin Hujjar Sanadi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci aikin lauyoyin da ke wakiltar ƙungiyoyin ƙwadago da asusunansu a ƙarar gayya, wato ƙarar da mutum ɗaya ko kaɗan ke shigarwa a madadin dubban da abu ɗaya ya shafa. An dogara da dokoki da hukunce-hukuncen kotunan tarayyar Amurka daga 1947 zuwa 2015. Binciken ya nuna cewa kotuna sun sauƙaƙa wa asusun ma'aikata hanya idan ya zo a matsayin mai hannun jari, suka tsananta masa idan ya zo a matsayin mai biyan kuɗin magani.

Gabatarwa

Dokar Taft-Hartley ta 1947 ta halatta kafa asusun da masu ɗaukar aiki ke zuba kuɗi a ciki domin fansho da lafiyar ma'aikata, bisa sharaɗin amintattun ɓangarorin biyu su yi daidai a yawa. Dokar ERISA ta 1974 ta ɗora wa amintattun nauyin kula da dukiyar domin amfanin ma'aikata kaɗai. A da, yawancin aikin lauyan asusu shi ne bin 'yan kwangilar da suka ƙi zuba kasonsu. Amma asusun birkiloli da direbobi da masu aikin ƙarfe sun tara dukiya mai yawa, sun sayi hannun jari, suna kuma biyan kuɗin maganin iyalai masu ɗimbin yawa. Duk zambar da aka yi a kasuwa sai ta taɓa su.

Asusu a Matsayin Mai Hannun Jari

A 1988, a shari'ar Basic da Levinson, Kotun Ƙoli ta amince cewa idan kamfani ya yi ƙarya a bainar jama'a, za a ɗauka ƙaryar ta shiga farashin hannun jarinsa, don haka ba sai kowane mai saye ya tabbatar ya ji ta ba. Wannan zato shi ne ginshiƙin ƙarar gayya a wannan fanni. Sai dokar 1995, wadda majalisa ta zartar duk da ƙin amincewar Shugaba Clinton, ta fifita wanda ya fi kowa asara ya zama jagoran masu ƙara. Manufar ita ce a karɓe linzami daga lauyoyin da ke ajiye masu ƙara na jeka-na-yi-ka. Damuwar tana da tushe: William Lerach, wanda ya jagoranci ƙarar Enron da ta samo kimanin dala biliyan 7.2, ya amsa laifi a 2007 kan biyan irin waɗannan masu ƙara a asirce.

Da yake asusun ƙwadago na iya zama wanda ya fi kowa asara, lauyan da ya daɗe da amintattun ƙwadago sai ya zama abin nema. Asusun fansho na leburorin gini ne ya yi ƙarar kamfanin Omnicare a shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli, inda a 2015 aka yanke cewa kamfani ba zai fake da cewa ra'ayi kawai ya faɗa ba, muddin ya ɓoye muhimman bayanai game da tushen ra'ayin.

Asusu a Matsayin Mai Biyan Kuɗin Magani

A nan labarin ya sha bamban. A 1998 jihohi 46 suka sasanta da kamfanonin taba kan kimanin dala biliyan 206. Asusun lafiya na ƙwadago, waɗanda su ma suka biya jinyar mashaya taba, sun shigar da tasu ƙarar. A 1999 kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta yi watsi da ƙarar asusun Laborers Local 17, tana cewa cutar ta fara sauka kan mashayin ne, asarar asusu ta yi nisa da laifin.

Kotun ta sake bin wannan layi a 2010 a shari'ar maganin Zyprexa na kamfanin Eli Lilly. Alƙali Jack Weinstein ya amince a yi ƙarar a gayya, aka soke hukuncinsa, domin a ganin kotun kowane likita yana da dalilinsa na rubuta magani, ba a iya tabbatar da tasirin tallan ƙarya a dunƙule. A ra'ayin mai wannan nazari, hujjar tana da rauni. Kamfani ba ya kashe maƙudan kuɗi wajen tallata magani ga likitoci sai don ya san tallan na juya alƙalaminsu, kuma ya san sarai wanda zai biya. Likita mai rubutawa ne, asusu ne mai cire kuɗi daga gumin ma'aikaci.

Kotun ɗaukaka ƙara ta Boston ta fahimci haka a 2013 a shari'ar maganin Neurontin na kamfanin Pfizer, inda ta karɓi ƙididdigar masana tattalin arziki a matsayin hujjar sanadi. A 2014 kamfanin Pfizer ya amince ya biya masu biyan kuɗin magani dala miliyan 325. Saɓanin kotunan biyu ya sa lauyan asusun lafiya kan fara auna inda zai shigar da ƙara tun kafin ya auna girman asarar, alhali takwaransa na asusun fansho yana da zaton 1988 a kowace kotun tarayya ya shiga.