Walter Tull, Ɗan Tamaula Kuma Hafsan Soja

A shekarar 1876 wani kafinta baƙin mutum mai suna Daniel Tull ya taso daga tsibirin Barbados, ya zo ci-rani Ingila. Ya zauna a garin Folkestone, ya auri wata Baturiya 'yar ƙasar. A nan aka haifi ɗansu Walter ran 28 ga Afrilu, 1888. Kakansa na wajen uba kuwa bawa ne.

Yaron bai daɗe cikin gata ba. Uwar ta rasu a 1895, uban ya bi ta a 1897. Sai aka kai shi gidan marayu a birnin Landan, shi da wansa Edward. Can ya koyi aikin ɗab'i, can kuma gwanintarsa ta wasan tamaula ta bayyana.

A 1909 babbar ƙungiyar nan ta Tottenham ta ɗauke shi. Amma ran da suka je wasa Bristol, 'yan kallo suka yi ta zaginsa saboda launin jikinsa. Shi kuwa bai tanka musu ba. A 1911 ya koma ƙungiyar Northampton, ya yi mata wasa fiye da sau ɗari.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, sai ya ajiye tamaula, ya shiga soja, cikin bataliyar da aka tara ta 'yan wasa. Aka kai su Faransa a 1915, ya sami muƙamin saje. Rugugin igwa ya taɓa lafiyarsa har aka mai da shi gida jinya, da ya warke ya komo, ya yi yaƙin Somme a 1916.

To, a zamanin nan dokar sojan Ingila ta keɓe hafsanci ga tsantsar Turawa. Duk da haka manyansa suka ga cancantarsa, aka naɗa shi ƙaramin laftana ran 30 ga Mayu, 1917. A Italiya ya ja mutum 26 suka ƙetare kogin Piave, suka kai hari, ya komo da su ba wanda ya yi rauni. Janar ɗinsu ya yaba masa ƙwarai.

Ran 25 ga Maris, 1918, harsashi ya same shi kusa da ƙauyen Favreuil a Faransa, ya mutu yana da shekara 29. Mutanensa sun yi ƙoƙarin ɗauko shi, wuta ta hana. Ba a sami gawarsa ba, sai sunansa da aka rubuta jikin dutsen tunawa na Arras.

Shekaru da yawa labarinsa ya shuɗe, sai a 1999 aka gina masa abin tunawa a filin wasan Northampton. Ka ji, mai karatu, yadda maraya, jikan bawa, ya shugabanci Turawa a fagen fama. Hali, ba launin fata ba, shi ne mutum.