Sunan makaranta ko abin da ke kanka?

'Yan uwa ɗaliban kasuwanci, musamman na nan Uke da ke zirga-zirga tsakanin Keffi da Abuja, kullum gardamarmu ɗaya ce: wai kamfani sunan makaranta yake dubawa ko ƙwazon mutum? Bari mu ɗan waiwayi tarihi.

A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawu a Zariya. A 1954 ta zama Cibiyar Koyar da Mulki, wato Kongo, sannan a 1962 ta shiga cikin ABU. Lokacin gwamnatin Sardauna na neman 'yan Arewa ruwa a jallo don su cike kujerun ofis. En'e-en'e, gwamnatin Kaduna da Bankin Arewa duk suna jiran wanda ya fito daga Kongo. A zamanin nan aiki ne ke neman mutum, don masu takarda ba su da yawa. Sunan Kongo kaɗai ya ishe ka shaida.

A waje kuwa abin ya daɗe. Wharton a Amurka tun 1881, Harvard ta fara digirin MBA a 1908, INSEAD ta Faransa a 1957. Manyan kamfanoni kan je har cikin waɗannan makarantu su ɗebi ma'aikata, saboda sun san an tace ɗalibi tun wajen shiga. Ka ga sunan makaranta ya rage musu wahalar tantancewa.

To me ya canza a nan? Tsarin SAP na 1986 ya tsuke aikin gwamnati, masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta durƙushewa daga baya, jami'o'i kuma suka yawaita. A 2005 bankuna 89 suka koma 25. Masu takarda sun yi yawa, kujeru sun yi kaɗan. Sai kamfanoni suka ƙirƙiro nasu rariya: matakin digiri, iyakar shekaru, jarrabawar kwamfuta, da takardun ƙwararru irin na ICAN.

Ana cikin haka Makarantar Kasuwanci ta Legas, da aka kafa a 1991, ta ƙulla zumunci da kamfanoni har ta samu tantancewar AACSB ta duniya a 2016. A Kano ma Aliko Ɗangote ya gina wa BUK makarantar kasuwanci mai sunansa. Duk ƙoƙarin dawo da amanar mai ɗaukar aiki ne.

Gaskiya suna yana buɗe ƙofa har yau, ba ƙarya. Amma in ka zauna gaban masu intabiyu, lissafin riba da asara za su miƙo maka, su ce yi bayani. Don haka kar ka raina makarantarka, kar kuma ka jingina da ita. Koyi Excel, gyara rubutunka, ka ɗauki horon masana'anta da muhimmanci.

Ku da kuka je intabiyu kwanan nan, me aka fara tambayarku?