Haɗa wayoyin fitilun sauka da tayoyi masu naɗewa a jiragen sama ƙirar gida

Jirgin sama ƙirar gida shi ne wanda mutum ya haɗa da hannunsa, ba kamfani ba. A Amurka, hukumar FAA tana yi masa rajista a rukunin jiragen gwaji, muddin mai shi ne ya yi fiye da rabin aikin. Lantarkinsa yawanci volt 14 ne ko 28.

Fitilar sauka ita ke haska titin jirgi da dare. Tsohon ƙwan GE 4509 mai wat 100 yana jan wuta sosai, shi ya sa masu ƙira da yawa suka koma LED. Kowane layi yana da fis ko makatsar wuta tasa, kuma aikinta kare waya daga ƙonewa ne, don haka da kaurin waya ake auna ta.

Tayoyi masu naɗewa sun fi wuyar sha'ani. A jirage irin su Lancair da Glasair, injin lantarki ke juya famfon haidirolik. Makunnin matuƙi ba ya ɗaukar wutar injin kai tsaye. Rile, wato makunnin da lantarki ke kunnawa, yake tayarwa, ɗaya na naɗewa, ɗaya na saukarwa. Ƙananan makunnai a jikin ƙafafun ne ke kunna koren fitilu uku idan tayoyin sun kulle. Akan ƙara makunnin da ke hana naɗewa jirgi yana ƙasa, da ƙaho mai ƙara idan an rage mai alhali tayoyi suna sama. Akwai kuma hanyar saukar da su ko da lantarki ya ɗauke.