Gobarau: Hasumiyar da Masallacinta Ya Tafi Ya Bari

Kakata a Korgom ba ta cewa "Najeriya" in ana zancen Katsina, sai dai ta ce "Birni". A wurinta iyaka jiya-jiya aka shata ta. Shi ya sa da hutun lakwal ya zo, na bi kawuna sarin kaya, na roƙe shi ya kai ni Gobarau.

Wallahi na zaci zan tarar da masallaci. Sai na ga hasumiya ita kaɗai, ginin laka mai tsawon kusan mita 15, gidajen unguwa sun kewaye ta. Tarihin baka ya danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, Sarkin Katsina na ƙarni na 15, ƙarnin da Shehu Maghili ya zo ƙasar Hausa a ƙarshensa. Nan ake sallar Juma'a, nan ake karatu, daga samanta kuma ake hango mahara tun suna nesa.

To, me ya ci masallacin? A 1807 masu jihadi suka karɓi Katsina. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, kuma sarautar Tasawa tamu daga wannan tsatson take. Ummarun Dallaje ya hau, aka koma yin Juma'a a sabon masallaci. Ran da sahu ya tashi daga Gobarau, ran nan damina ta fara aikinta.

Malaminmu na tarihi ya taɓa nuna mana hoton Gedi, garin Sawahilawa a gaɓar tekun Kenya. Tun ƙarni na 17 aka watse, amma har yau bangon babban masallacinsu na tsaye, don da dutsen murjani aka gina shi. Namu fa laka ne. Laka ba ta rayuwa sai da hannu: a yi mata yaɓe, a gyara indararo. Hasumiyar ma ta kai yau ne don ana gyara ta.

'Yan'uwa, kusan kowane gari a yankinmu yana da kufai. Wani an nome shi, wani mu da kanmu muke ɗibar ƙasarsa muna buga tubali. Da na dawo na tambayi kakata inda garin kakanninta yake. Ta nuna mini wata gonar gero, ta ce, "Daga tsamiyar can zuwa rijiya." Na rubuta a littafina. Kai ma je ka tambayi taka tun tana da rai.